Mai Ruwan Ɗorawa

Shekara goma sha bakwai ina bin wani mutum
da ban taɓa jin muryarsa ba.
A shagon Njidda mai shayi, nan Domayo cikin Marwa,
daren Lahadi, in masu kallon ƙwallo sun watse,
sai ya murɗo mini tashar Amurka,
ya ce, "Baffa Hamajoda, ga mahaukatanka sun fito."

Mota arba'in, kowace da hanci a bayan 'yar'uwarta,
suna kewaya fili mai siffar ƙwai.
Hagu, hagu, kullum hagu.
Babu kasuwa a gaba, babu fasinja, babu buhun albasa.
Da fari dariya na yi,
ni da na ci shekara talatin tsakanin Marwa da Kusiri,
na san kowane rami daga Mora zuwa Waza
kamar yadda harshe ya san giɓin bakinsa.

Sunansa ya ƙi zama a bakina.
Motarsa ruwan ɗorawa ce, sai na kira shi da ita.

Yaro ne a lokacin, jini na tafasa.
Ya ga ƙofa kamar kafar allura, sai ya cusa kai.
Sau uku a damina ɗaya ya sumbaci bango.
Na ce da gilashin, "Ɗaga ƙafa, ɗan nan,
hanya ba ta gudu."
Haka maigidana Bakari ya faɗa mini ina karen mota,
ni ma ban ji ba
sai da na kwantar da Fijo a gefen Dabanga,
tayoyi huɗu suna kallon sama.

A shekara ta biyar ya koyi laɓewa.
Ya manne a bayan na gaba, ya bar shi da dakon iska,
sai kewaye na ƙarshe ya zame kamar tarwaɗa.
Ran da ya fara cinyewa, na ture kofi da gwiwa,
na saya wa duk mai zaune a benci shayi da madara.
Sefa dubu biyu. Ban yi nadama ba.

Sau shida ya ci. Na riƙe lissafin a ƙwaryar kaina.
Sannan aka yi daren wuta:
mota tara a dunƙule, hayaƙi ya rufe fili.
Njidda ya rage sauti, ni kuwa ina ta salati
don wanda ban san addininsa ba.
Ya fito. Amma da ya dawo bayan wata takwas
na ga ƙafar dama ta koyi tsoro.
Direba ba ya ɓoye wa direba wannan.

Rubutun 'yan kasuwa ya riƙa raguwa a jikin motar,
kamar yadda fasinja suka riƙa wuce tawa a tasha
suna cewa idon tsoho ba ya ganin dare.
Gaskiyarsu ce. Na miƙa makulli ran wata Talata,
ba wanda ya tafa.

Shi an tafa masa.
Ya zo na ashirin da shida a tserensa na ƙarshe,
ya cire hular ƙarfe, sai ga furfura,
ga 'yarsa ta rugo ta kama shi a kugu.
Ya dafa rufin motar, ya daɗe bai ɗauke hannu ba.
Na san abin da yake gaya mata.

Na taso a ƙafa, na bi gadar Kaliyawo,
kogin ba ruwa, yashi ne fari ƙarƙashin wata.
Ina tafe ina ƙirga:
duk nisan da ya ci, inda ya tashi nan ya sauka.
To, ni fa?
Marwa, Kusiri, Marwa.

Lahadin da ta biyo Njidda ya ce, "In kunna?"
Na ce kunna.
Akwai wani yaro cikin koriyar mota,
ba ya ɗaga ƙafa.