Buhu Uku na Riɗi

Shekara ashirin da bakwai ina rubuta allon shago,
ina zana zaki a bayan gingimari.
Sai wani yaro ya sauka Kaugama da kwamfuta,
ya gama kafin azahar abin da nake kwana uku a kai.
Buroshina ya bushe cikin gwangwanin madara.
Na ɗauki fartanya.

Bara da kaka Mujittafa, ɗan ƙanwata, ya ce,
Kawu, abin da ya tashe ka daga bakin tasha
shi ma yana da iyaye.
Mutane ne da ba su cika arba'in ba,
a saman wani bene, can wata ƙasa,
su ke ƙera manhajar da ake zanen da ita.
Hannun jarinsu bai kai kuɗin tiyar gero ba.
Na ce, in sayi hannu, ina gangar jikin?

Na tari Malam Sabi'u bayan la'asar.
Giya suke yi? A'a. Caca? A'a.
To in sun ci ka ci, in sun faɗi ka faɗi,
kada dai ka kawo min kuka zaure.

Buhu uku na riɗi na kai Malam Madori.
Kuɗin ya shige wayar yaro
kamar ruwan buta a rairayi.
Ba dillali, ba la'ada,
ba wanda ya kama hannuna ya ce albarka.

Sabis ba ya shiga gidanmu,
sai tudun bayan firamare.
Can nake tsayawa da yamma, hula a ƙeya,
ina duban wani layi, yau kore, gobe ja.
Wanda ke jan layin nan hannunsa na rawa.
Da yarona ne, da na karɓe buroshin.

Tabawa ta ce, akuya ko ba ta haihu ba
ka gan ta a turke, ka kwashi taki.
Naka ko kuka ba ya yi.

Cikin azumi ya hau,
har na rufe ɗakinta da kwano a zuciyata,
na yi wa ƙofar shuɗin fenti.
Ruwan shuka na sauka
wani ƙaton kamfani ya fito da irin kayansu, kyauta.
Buhu uku suka koma ɗaya da 'yan tiyoyi.

Mujittafa ya kasa haɗa ido da ni.
Kawu, mu sayar, a tsira da na goro.

Na yi shiru ina tuna benen da ban taɓa gani ba.
Akwai wani a can, na sani,
mai furfura a gemu, shayinsa ya huce,
yana kallon aikin hannunsa
yadda na kalli gwangwanin nan.
Ashe su ma an sauke musu yaro a tasha.

Ban sayar ba.
Ba wayo ba ne, kada ma wani ya bi sawuna.

Jiya na jiƙa buroshin a kananzir, ya yi laushi.
Na rubuta wa Tabawa a jikin katanga:
Ana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.
Ta tsaya ta duba, ta ce wasalin ƙarshe ya karkace,
ta kwance bakin zane
ta ba ni ɗari biyar a hannu.