Farashin Tsohuwa

Shekara goma sha ɗaya tana tsaye a rumfar tumaki
bayan gidanmu a Tregaron,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba.
Ɓera ya haihu, har ya ga jika, a cikin katifa.
Ranar da na yaye mata tamfol
ta dube ni da fitila ɗaya,
kamar wadda aka tasa daga barci
ana tambayarta inda ta ajiye makulli.

Babana, Emlyn, ya saye ta tun bai sayi gado ba.
Mota ce, ɗaki ce, madafa ce,
rufinta na ɗagawa kamar murfin tukunya
in mutum na so ya miƙe ya sa wando.
Da ya rasu aka raba kaya.
Ƙanena ya ɗauki gona.
Ni na ɗauki tsatsa.

Na taɓa gindin ƙofa, yatsa ya wuce ciki.
Na koyi walda ina da hamsin da biyu,
na ƙona hannun riga uku da gira ɗaya.
Noti guda ya ci mini mako biyu:
na ba shi mai, na ba shi wuta,
na zage shi, na ba shi haƙuri,
ran Talata da yamma ya juya don kansa.
Injin kuwa a baya yake, inda wasu ke zuba kaya.
Na baje hanjinsa a teburin cin abinci
har mijina ya saba da ci a tsaye.

Ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa na tsinci cokali,
da tsabar kuɗin da aka daina karɓa,
da haƙorina na famfara
a naɗe cikin rasidin mai.
Ban san ya ajiye ba.

Sai ga mai ƙiyasi, Idwal Pugh,
da tocila da maganaɗisu da takalmi marar laka.
Ya kwanta, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina.
Ya ce wannan shuɗin ba na kamfani ba ne.
Ya ce labulen nan wa ya ɗinka?
Na ce uwata, da ragowar zanen gado.
Ya ce lotsawar gefen hagu ta cinye fam dubu biyu.
Na ce rago ne ya ga kansa a jikinta ya kai karo,
babana ya yi dariya har ya kasa tuƙi.
Ya ce dariya ba ta da gurbi a takarda.
Ya rubuta dubu ashirin da shida, ya ja layi biyu.
Na ba shi shayi, na raka shi ƙofa.
Takardar tana ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa,
kuma ya daina rawa.

Asabar da asuba na murɗa makulli.
Ta yi tari uku, ta tofar da hayaƙi,
ta kama.
Sitiyari faɗin faifai,
giya ta biyu sai da lallashi.
A hawan tudu motoci goma sha huɗu sun jeru a bayana,
na ƙirga su a madubi, na roƙi gafara da hannu.
Sannu ba ta hana zuwa.
Wanda ke ɗauke da gadonsa
ina ruwansa da dare ya yi?

A bakin teku, kusa da Aberaeron, na kashe inji.
Ƙarfe na ta ƙas, ƙas, yana hucewa.
Na kunna risho, na ɗora buta,
yayyafi ya fara taɓa rufi da farce.
Ƙarƙashinta mai na ɗiga, ɗaya, ɗaya.
Gobe zan duba. Gobe.

Na buɗe aljihun tebur in ɗauki kofi,
hannuna ya fito da biyu.