Sandar Ƙarfe a Tsakiyar Kwara

Daga Bubon muka taso bayan azahar,
jirgi cike da kabewa har wuya,
ni da Kawu Nomau, da Illo ɗan ƙanwata
wanda bai taɓa yin nisa da gaɓa ba.

Zanen iskar nawa ne, ni na ɗinka shi,
buhun shinkafa goma sha ɗaya.
Sandar ma tawa ce, bututun famfo
da na saya a Katako jikka biyu.
Na ce gwangwala ta tsofaffi ce, karyewa take.
Ranar Kawu ya dube ta sama da ƙasa,
ya tauna goronsa, bai ce uffan ba.

Muna dab da Gudel iska ta ɗauke.
Zane ya saki jiki kamar rigar aro.
Ruwa ya yi lamo. Belbelu suka bar tsibiri
a jere, ƙasa-ƙasa, ba kuka.
Can gabas, bisa kan Yamai,
hadari ya haɗo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
ya haɗiye gada, ya haɗiye dogayen benaye.

Sai walƙiya.
Na ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, har tara,
kafin tsawa ta amsa.
Ta sake. Shida.
Ta sake. Ban kai uku ba.

Kawu ya ce, Sauke ta.
Na ce, Kawu, da saura, mu kai gaɓa tukun.
Ya ce, Dubi hannunka.
Na duba. Gashin dantsena ya miƙe tsaye,
sandar kuma tana wani zuu a hankali
kamar an rufe zuma a kwalba.
Duk faɗin kogin nan
ba abin da ya fi mu tsawo.

Igiyar da na ɗaure da alfahari
ta jiƙe, ta ƙi kwantuwa.
Da haƙori na fara, da wuƙar Kawu na gama.
Muka rungumi ƙarfen mu biyu, muka tura,
ya faɗa ruwa da zanensa duka,
buhu goma sha ɗaya, dare bakwai na ɗinki,
suka yi iyo kaɗan, suka nutse.

Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya.
Kawu ya ce mu tsuguna, ƙafa a haɗe,
kada kowa ya taɓa ruwa, kada kowa ya miƙe.
Illo ya cusa kai tsakanin kabewa biyu
yana karanta duk surar da ya iya,
ya gama, ya koma farko,
daga baya ya shiga lissafin lakkwal.
Ni ina kwalfe ruwa da kwanon abinci,
kogi na mayar mini da ninki biyu.

Aradun da ta faɗi ba jin ta na yi ba,
ɗanɗanar ta na yi, tsatsa a kan harshe.
Fari fat, sannan kurumta.
Giginyar tsibiri, wadda masunta ke kwatance da ita,
ta tsage biyu tana cin wuta cikin ruwa.

Bayan isha muka iso, da filafili ɗaya,
fitilun gada suna rawa a kan kogi.
Kabewa takwas sun tafi.
Illo ya yi barci da ɗaya a ƙirji.

Kawu bai taɓa tayar da zancen ba.
Ran kasuwa dai na tarar da gwangwala
jingine a ƙofar gidana, an fere ta, an goge.
Bututun yana can ƙasan Kwara, wajen Gudel.
In mun wuce ta wurin nakan ce wa Illo
wataƙila tarwaɗa ta yi ɗaki a ciki,
jikka biyu, ba ta biya ko dala ba.