Gyaren Mushe Lawali

Yayana Ma'azu ya dawo daga ramin arewa
da akwati ɗaya, da tari, da rabin kamyo na tsohon ƙarfe.
Ya ce, "Kai maƙeri ne, ga jarinka."
Na yi godiya har ƙasa.
Na tsaga bututu na yi indararo,
na buɗe tano biyu na wanke da toka,
ɗaya na ruwan sama, ɗaya na famfon dare,
don a Garin Malam ruwa baƙo ne,
ƙarfe uku yake sallama, ba ya jiran asuba.

Shekara huɗu muna sha.

Ran ukun Ma'azu
Mushe Lawali na lekwal ya zo gaisuwa
da wani abu a aljihu kamar 'yar rediyo.
Ya kara a bango, shiru.
Ya kara a tabarma, ƙyas, sai can kuma ƙyas.
Ya kara a bakin tanon Kubura,
abin ya ɓarke da kuka
kamar gyare ya ji ƙamshin damina.
Mushe ya janye hannunsa.
Bai sha ruwan da muka kawo masa ba.

Ya ce ba shi da wari, ba shi da ɗaci,
ba ya canza wa ruwa fuska.
Na ce to mu tafasa.
Ya ce, "Tinni, me za ka kashe? Ba rai gare shi ba.
Haƙurinsa irin na duwatsun Birni ne,
zai ga jikokin jikokinka yana nan zaune."

Tun ranar na sake sana'a.
Na kai tanon bayan dutse, nesa da rijiya,
na kewaye da ƙaya, na zana kunama a jiki
don yaran da ba su iya karatu ba.
Na kai takarda ofis, an buga mata hatimi,
an ce in jira. Ina jira.
Na hau mota zuwa Mirya, na sayo randa huɗu,
laka dai na san uwarta.
Kowace da marfi, kowane marfi da ƙyalle.
Bido goma sha biyu a ƙarƙashin gado,
na rubuta ranar cika kowanne da gawayi.
Na kankare ƙasar tsakar gida har taki guda.
Takalmi a ƙofa. Hannu kafin tuwo.
In iska ta juyo daga hanyar Tanut
Kubura na jiƙa tsohon zane ta rataya a taga.
Ban sani ba ko zane na tare shi,
amma hannu ba ya son zama banza.

A majalisa suna cewa maƙeri ya zautu,
yana gudun abin da ido bai gani ba.
Ban ja da su ba.
Ni ma da guduma na saba, da abin da ke ja a wuta.

Abin da ke hana ni barci daban ne.
Gida sha huɗu na yi wa aiki da ƙarfen nan.
Na bi sha ɗaya, gyare a hannu,
na ciro indararo, na mayar da kuɗi.
Biyu sun tashi, an ce sun yi Magarya.
Saura wata mata a kasuwar Dole,
ta sayi murhu, ta yi ciniki sosai,
na rage mata dala ashirin,
ban tambayi sunanta ba.
Kowace Alhamis ina tsaye wurin, ina duban fuskoki.

Jiya Tsahara, autata, tana cika bido,
ta ɗago kai ta ce, "Baba,
wanda muka riga muka sha fa?"

Na ce ta riƙe mazurari da kyau,
ruwa na zuba.