Yatsu Uku na Labbo

Shekara biyu ina horar da yatsuna
a ɗakin kwano, can cikin Mabera,
zafi na sauka ta rufi kamar narkakkiyar dalma,
gumi na ɗiga kan tsirkiya shida.
Nakan tashi daga wuyan jita in kai cikinta
kafin mai shayi ya juye kofi cikin kofi.
Kan yatsuna ya yi kanta.
Abokai suka ce da aljani a hannuna,
ni kuma ban musa ba.

Sai aka ce in je Runjin Sambo,
akwai wani tsoho mai gyaran fanka,
Labbo, da ya yi kiɗa a otal-otal
tun ba a haife ni ba.
Wani inji a Kalambaina ya ci rabonsa,
ya bar masa yatsu uku a hannun hagu.

Na zauna kan galan,
na zazzage masa duk abin da na tara,
hawa da gangara, tsalle da juyi,
kamar buhun gero ya fashe a kan titi.
Bai ɗaga kai daga fankar ba.
Da na gama, ya hura ƙurar wata waya, ya ce,
"Yaro, mi kaka gudu?
Wanga gida naka ya yi kyau,
amma na zagaye shi ban ga ƙofa ba."

Ya goge hannu a gefen riga, ya karɓi jitar.
Ya taɓa tsirkiya ɗaya.
Ya jira sautin ya tsufa, ya mutu,
ya yi masa ɗan zaman makoki,
sannan ya taɓa ta biyu.
Mai masa a tsallaken hanya
ta tsaya da cokali a sama
har guda biyu suka ƙone mata.

Na koma gida da rabin karatu.
Na ce ashe gudu banza ne,
na daina motsa yatsu da asuba,
na zauna ina kiwon shiru
kamar mai kiwon tantabaru.
Wata guda, na dawo masa da sabon hali:
taɓa ɗaya, dogon numfashi, lumshe ido.
Tsirkiya ta yi zizar ƙudan zuma,
ɗan yatsana ya zame, ya faɗa gidan maƙwabci.

Wannan karon ya ajiye fankar.
"Uku Allah ya bar min, da su nika lallaɓawa.
Kai mai biyar, gurguntata ka zo aro?
Shirun gwani daban, shirun rago daban.
Ɗan kabu-kabu da ba ya da birki gawa ne,
amma birki kaɗai bai taɓa kai kowa kasuwa ba."
Ya dubi gurbin yatsun nan biyu, ya daɗe.
"Da suna nan, da ka ga gudu."

Tun ranar na raba yinina.
Safiya ta hannu ce, in gurza har ya yi laushi.
Yamma ta kunne,
in zauna bakin Rima in ji
inda ruwa ke sauri, da inda yake fasawa.

Bara, a wani biki a Gidan Igwai,
kiɗa ya kai wata kwana,
yatsuna suka yi ƙaiƙayi.
Na riƙe su.
Na sake riƙe su.
A karo na uku na sake su,
suka yi gudu ɗaya, tsawon numfashi guda,
suka tsaya cak a bakin ƙofa.

Can baya, kan benci, da kwanon shinkafa a cinya,
Labbo ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku.
Har yau ban sani ba
ko jinjina ce,
ko ƙuda ya kora.