Abin da Rariya Ta Riƙe

Ruwan Agege ya ɗauke da hantsi,
ya bar mana taɓo har idon sawu.
Sai ga motar Iya Sidikatu ana turowa,
yara uku a baya, ƙarnin kifi a gaba.
"Tanimu," ta ce, "jar wutar nan ta kama,
ga wani ƙas-ƙas kamar ana tauna tsakuwa."
Na ce, kin kashe ta?
Ta ce, nan take.
Na ce, to kin yi naki, saura nawa.

Na ɗaga ta, na tokare da kututture,
don jak ba shi da alkawari.
Na shimfiɗa kwali, na shige da baya.
A ƙarƙashin mota Legas ƙafafu ce kawai:
silifas, takalmin ofis, tayar keke,
da wata kaza da ba a san mai ita ba.

Baƙin mai ya zubo, kamar kunun da ya kwana.
Na murza shi tsakanin yatsu ina laluben garin ƙarfe.
Babu ƙyalli. Alhamdu lillahi, mital bai ci ba.
Noti goma sha huɗu na kwanon ƙasa,
na jera su a murfin bokiti yadda suka fito.

Famfon mai, ga ka nan.
Kai ne ba a wankewa ranar Sallah,
ba a yi maka fenti, ba a manna maka suna.
Kana can ƙasa cikin duhu da zafi
kana ɗebowa kana turawa sama.
Duk ƙarfen da ya gogi ɗan'uwansa aka rabu lafiya,
kai ka shiga tsakani.
Ba a san da kai ba sai ran da ka gaji.

Na buɗe shi. Haƙora sun cinye,
giɓi har ƙumbata tana shiga.
Amma famfo ba ya mutuwa haka kawai,
ƙishirwa ke kashe shi.
Na juya rariya.

Jan gam.
Curi-curi, ya toshe idanun raga.
Na san gam ɗin nan.
Bara da azumi gaskit ya yi tsada a Ladipo,
na karɓi kuɗinsa, na matsa gam har ya tumbatsa,
na ce wa zai leƙa?
Ashe rariya tana gani.
Wata goma sha ɗaya tana riƙe da shaidata
ba ta ce uffan ba.

Na daɗe a kwance fiye da yadda aikin yake so.

Okwudili ya aiko yaro da famfo biyu,
ɗaya tokumbo, ɗaya sabo a kwalinsa.
Na ɗauki sabon, na ce a rubuta a shafina.
Na kankare bakin kwano da reza har ya yi fes,
na wanke raga da fetur, na ɗaga, na hangi rana.
Gaskit na gaske.
Na shayar da famfo mai kafin in ɗaura,
ba a tura baƙo gona da busasshen maƙogwaro.
Noti a gicciye, kaɗan-kaɗan,
ba a ƙure wa ɗaya a bar 'yan'uwansa.
Sabuwar filta. Lita huɗu.

Ta murza makulli.
Ɗaya.
Biyu.
Uku,
jar wuta ta lumshe ido.
Inji ya koma numfashin jaririn da ya ƙoshi.

Ta kwance bakin zane za ta ƙirga.
Na buɗe tafina, na nuna mata jan gam.
Na ce, Iya, wannan aikina ne.
Kuɗin mai kaɗai za ki biya.
Ta dube ni, ta dubi gam,
ta faɗi wata magana da Yarbanci
wadda ban nemi a fassara mini ba.
Sannan ta ajiye busasshen kifi biyu a kan bokiti,
ta ce bayan wata uku za ta dawo juye,
"kuma a kanka zan tsaya."

Gam ɗin yana cikin akwatin sifanu har yau,
kusa da lamba goma,
wadda nake ɗauka kullum.