Tazarar Yatsu Huɗu

A Tromsø rana kan yi yaji tun Nuwamba,
ba ta komowa sai Janairu ya tsufa.
Ni kuwa na ajiye tawa a falo:
shuɗiyar fitila bisa akwatin gilashi,
lita ɗari biyu na teku da na dama da hannuna,
gishiri a ma'auni, ruwa a bokiti.
Ƙanƙara na lasar taga,
ciki kuwa ɗumi kamar tafin jariri.

Ran da na je shagon Aslaug
ido ne ya yi mini ciniki.
Na ce a ba ni murjanin nan mai ƙahon barewa,
da mai kan guduma, da kore mai shimfiɗa kamar ciyawa,
da wancan mai 'yan hannuwa
da ke buɗewa, rufewa, buɗewa,
kamar mai roƙon abin da ya manta sunansa.
Ta dube ni ta saman tabarau.
"Torleif, ba furanni kake saya ba.
Dabbobi ne, kuma ba sa ga maciji."
Na yi dariya, na biya, na rungumo su cikin kwat
don kada sanyi ya gaishe su a hanya.

Na jera su kafaɗa da kafaɗa.
Mako uku ina yi wa kaina kirari.

Sai wani dare barci ya ƙi,
na haska tocila.
Ashe mai guduma, salihin rana,
da dare yakan zaro bulala mai tsawon yatsa biyu
ya tsula wa maƙwabci.
Gefen mai ƙaho ya yi fari fat,
ƙashi tsirara, ba nama.
Koren nan kuma da na raina
ya haye dutse, ya haye wani,
yana cin iyaka ba sallama.
Mai laushi, wanda ba shi da makami,
shi ke tofa dafi a ruwan kowa.
Ruwa ba ya tsami banza.

Shekara talatin ina gyaran injin jirgin fito,
na san ƙarar ƙarfen da zai karye gobe.
Amma wannan faɗa ba shi da ƙara.

Na koma wa Aslaug da farin reshe a aljihu.
Ba ta ce na gaya maka ba.
Ta zana dutse a bayan rasit:
mai ƙaho can ƙoli, inda haske ke duka, igiya ke mari,
shi abin da yake so ke nan.
Mai guduma a tsakiya, a ba shi fili, mafaɗaci ne.
Lemar kwaɗi a gindi, cikin inuwa.
Kore a kai shi tsibiri, yashi ya kewaye shi.
Gawayi a matata saboda dafin.
"Tsakanin kowa da kowa, yatsu huɗu.
Naka yatsun, masu kauri."

Abin da ya fi ciwo shi ne mai 'yan hannuwa.
Shi nake kallo in na sha kofi,
shi kaɗai ke ɗaga mini hannu a gidan nan
tun da Ingebjørg ta rasu.
Amma ya yaɗu, yana shaƙe na kusa.
Na sa reza na rage shi rabi,
na kai wa yaron Eilif a kwalbar zuma.

Yanzu kowace Lahadi ina ɗiga magani a kwalba,
ina ƙirga ɗigo har launi ya juya,
don masu ƙashi na shan allin ruwa
su bar sauran da ƙishi.

Akwai gurbi a hagu, dutse tsirara.
Baƙi kan ce, me za ka sa a nan?
Jiya na duba da gilashin karatu:
a kan farin tabon nan
nama ya fara rarrafowa,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na ce musu, akwai mai wurin.
Yana tafe.